Ranar Wankan Gawar Iya

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har kalar atamfar da na ɗaura ranar kamuna ba zan iya tunawa ba, amma safiyar da aka yi wa Iya wankan gawa ba za ta taɓa fita daga raina ba. 'Yar da nake goye da ita a ranar yanzu tana sakandare, amma har gobe in na ji ƙamshin ganyen magarya a ruwan ɗumi sai zuciyata ta tafasa, in ji kamar yau abin ya faru.

Iya yayar mahaifiyarmu ce. A ƙauyenmu da ke arewa da Makoda, inda gonaki suka matse juna har in ka yi tari a gonarka maƙwabci zai ce maka sannu, babu gidan da bai san tafin hannunta ba. Ita ce ungozoma, ita ce kuma mai kitso. Doguwa ce, fatarta sumul, ga dariya mai ƙarfi da ake jiyowa daga bayan danga. Aure uku ta yi, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, daga ƙarshe ta dawo ta zauna a ɗakinta kusa da gidanmu. A gaban idonta ana ce mata Iya, a bayan idonta ana ce mata juya. Ta san ana faɗa, kuma hakan bai hana ta tashi ta bar tuwonta a kan wuta in an ce wance tana kan gwiwa ba.

Ƙanwata, autar gidanmu, wurin Iya aka kai ta yaye, daga nan ba ta dawo ba. Ta tashi doguwa irin Iya, fuska ko ƙurji ɗaya babu, ta kuma ɗauke hannun kitson Iya tas. Mutane kan tsokane su da cewa Iya ɓoye cikin ta yi ta haife ta a asirce. Dariya muke yi a lokacin.

Abin da ya fara jawo magana shi ne azumi. Auta ta kai shekara goma sha takwas, ƙirjinta ya cika kamar na kowace budurwa, amma ba ta taɓa fashin salla ba. Mu muna lissafin ramuwa bayan Salla, ita talatin ɗinta cif take yi. Da farko tsokanarta muke, muna ce mata waliyiya, muna cewa ta sa mu a addu'a. Da aka shekara, aka sake shekara, sai tsokana ta koma raɗa. A nan Gwaggo ta shigo, ƙanwar mahaifinmu, wadda tun rasuwar Baba ta ɗauki kanta a matsayin mai gidanmu ba tare da kowa ya naɗa ta ba. Ta ce ai abin a fili yake, gishiri ne ya toshe yarinya, a kira wanzami ya yanka, jini zai zo. Haka ake yi wa mata a wajenmu in al'ada ta ƙi zuwa ko haihuwa ta yi gardama, a sa aska a tsaga gaban mace a ce an buɗe hanya.

Ban taɓa ganin Iya cikin fushi irin na ranar ba. Tana daka ta tsaya da taɓarya a hannu ta ce, "Wallahi duk wanzamin da ya shigo gidan nan da zabira, a kwance za a fitar da shi. A kai ta asibiti." Gwaggo ta ja tsaki ta ce wadda ba ta haifa ba ina ta san zafin ɗa. Iya ta ci gaba da dakanta kamar za ta fasa turmin.

Da ma Auta tana kukan wani ƙullutu a matsematsinta da ke fitowa in ta ɗaga buhun gyaɗa, shi ya zama hujjarmu. Ni da Inna, mahaifiyarmu, muka kai ta babban asibiti a cikin birni. Sau uku muna zuwa. Aka yi hoton ciki, aka ɗebi jini, aka ce mu dawo. A zuwa na uku wata likita mace, Allah ya saka mata da alheri, ta rufe ƙofa, ta jawo kujera ta zauna kusa da Auta, ta yi mana bayani da Hausar da ko Inna da ba ta yi boko ba ta fahimta.

Ta ce kowane mutum akwai rubutun halittarsa a cikin ƙwayoyin jikinsa, kuma a rubutun Auta an fara ne da tsarin da galibi yake ba da ɗa namiji. Jikinta yana yin sinadarin da ke sa jariri ya fito namiji tun yana ciki, amma sinadarin kira ne kawai, sai da kunnen da zai ji shi. Ta tambayi Inna ko ta yi karatun allo, Inna ta ce ta taɓa. Ta ce, "To kin san ɗigo ɗaya in ya bar ƙasan harafi ya koma samansa, harafin ba ya zama nun, kalma ta canja gaba ɗaya. Haka ya faru a gurbin da aka rubuta yadda za a gina wannan kunnen. Ɗigo ɗaya ya sauya, sai jikin ya kurmance, bai ji kiran ba ko sau ɗaya, ya bi hanyar mata ya ginu mace." Ta ce shi ya sa babu mahaifa, babu jinin al'ada, kuma ƙullutun da ke matsematsi shi ne abin da ke yin sinadarin, za a riƙa duba shi, in lokaci ya yi a zauna da Auta a yanke shawarar cire shi. Ta ce da an sa mata aska, babu abin da za a samu a bayan wurin sai mafitsara da hanji, a lalata mata rayuwa a banza.

Sai ta ce wannan sauyin yakan taso haka kawai, amma sau da yawa ta wajen uwa yake gangarowa, uwar tana ɗauke da shi lafiyarta ƙalau, ba laifinta ba ne, ba kuma wani abu ta ci ko ta taka ba. Ta tambaya ko a dangin Inna akwai macen da ba ta taɓa haihuwa ba. Inna ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Ni a lokacin na ɗauka kunya ce.

Auta ce ta yi tambayar da ta fi kowace nauyi. Ta ce, "Likita, to ni mece ce?" Likitar ta kama hannunta ta ce, "Ke mace ce. Mace aka haife ki, mace kika tashi, mace kike. Abin da babu shi ne haihuwa." Auta ta yi kuka a mota tun daga birni har muka wuce Ungogo, kuma kukan rashin haihuwa take yi, ba wani abu ba. Da a nan maganar ta tsaya, da ta share hawayenta ta ci gaba da rayuwa kamar dubban matan da Allah bai ba haihuwa ba.

Ni ce na ɓata komai, kuma ba zan ɗora wa kowa wannan kashi ba. Likita ta ce nima ina iya zama mai ɗauke da abin kamar Inna, ga ni da jaririya mace a baya, sai hankalina ya ƙi kwanciya. Na ɗauki takardar gwajin na kai wa ɗan baffanmu mai shagon kemis a bakin kasuwa, don ya sake karanta mini. Wata shida ya yi yana share wani kemis a birni, ya dawo ya buɗe nasa, gari ya ɗauka yana ce masa Dakta, shi kuma ko sau ɗaya bai taɓa cewa a daina ba. Ya ɗaga takardar sama, ya tsuke ido, ya ga haruffa biyu na boko, X da Y. Duk sauran rubutun bai gane ko layi ɗaya ba, amma waɗannan biyun ya tuna su daga sakandare. Ya buɗe baki da ƙarfi ya ce, "Innalillahi! Ai wannan namiji ne! Mata-maza ce!" Mutum uku ne a kan bencin shagon suna jiran allura. Na fizge takardata, amma magana zarar bunu ce. Kafin Juma'a ta zagayo babu gidan da kalmar ba ta shiga ba.

Har yau in na tuna watannin da suka biyo baya sai in rasa wanda zan fi jin haushi. Matan da suke layi a gindin darbejiyar Iya don Auta ta yi musu kitso suka ɗauke ƙafa. In ta shiga gidan suna, masu shayarwa sai su ja mayafi su rufe ƙirji. A makarantar Islamiyya ta matan aure da 'yammata, tabarmar da ta zauna sai ta wayi gari ita kaɗai ce a kai. Yarinyar da suka yi wankan rafi da ita, suka yi gaɗa tare, suka san jikinta kamar nasu, rana ɗaya haruffa biyu da ba su ma iya karantawa ba suka mai da ita baƙo. Gwaggo kuwa, cikin duk bayanin da na yi ta yi mata, abu ɗaya kunnenta ya ɗauka, cewa ta wajen uwa yake zuwa. Ta riƙe shi kamar ta tsinci zinariya. Gida-gida take bi tana cewa da ma ta faɗa wa yayanta, Baba, tun farko, jinin gidan su Inna ba mai kyau ba ne. Auta ta daina fita, ta rame, ta koma sai ɗaki sai bayan gida.

Da kaka ta yi, ana tsakiyar cirar gyaɗa, ciwo ya kwantar da Iya. Wata rana bayan la'asar ta sa aka kira Gwaggo da wasu dattawan mata biyu, ta ce su zama shaida, in ta mutu Auta ce za ta yi mata wanka, ba kowa ba. Suka ce haba Iya, ai za ki tashi. Bayan sun fita ta ce ni da Auta mu ba su wuri, ta daɗe tana magana da Inna ƙasa-ƙasa. Inna ta fito idonta ja. Kwana huɗu bayan nan, da hantsi, Iya ta cika.

Tsakar gida ta cika da mata kafin ruwa ya yi ɗumi. Maza suna ƙofar gida, an tafi haƙa, an kawo makara an jingine a zaure. Na daka ganyen magarya na zuba a ruwa, Inna ta fito da likkafanin da Iya ta ajiye a ƙasan adakarta tun shekaru. Auta ta yi alwala, ta ɗaure ɗankwalinta, ta ɗauki ƙwarya ta nufi ɗakin. Sai Gwaggo ta tashi ta tsaya a bakin ƙofa, ta baza hannu biyu.

"Ina za ki?" in ji ta.

Auta ta ce, "Gwaggo, wasiyya ta bari. A gabanki ta faɗa."

"Zafin ciwo ne ya sa ta. Mace ke wanke mace. Ba za mu tsaya muna kallo mata-maza ta buɗe tsiraicin baiwar Allah ba, mu kwashi zunubi. Ajiye ƙwaryar nan ki koma zaure wajen 'yan'uwanki."

Wasu suka ce gaskiya ne. Wata ma, wadda Auta ta yi wa kitson amarci da hannunta, ta ce ai ko zaman makokin bai kamata ta yi a cikinmu ba. Na zabura na fara bayanin ɗigo da kunne da sinadari, kalmomin suna harɗewa a bakina. Gwaggo ta ce in rufe mata baki da surutun asibiti, ba ni na kai takardar aka karanta ba? Wannan ta same ni a inda yake ciwo. Daga zaure aka aiko cewa a hanzarta, kabari ya kusa, rana tana yi. Na ga Auta ta durƙusa a hankali ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, ta juya za ta fita. Na san in ta ƙetare zauren nan a ranar, ta fita daga cikin mata ke nan har abada, kuma matar da ta raine ta za ta tafi kabari da wasiyyarta a karye.

Inna ce ta riƙe mata hannu. Inna da shekara talatin tana ce wa Gwaggo to, ko an taka ta ita ke ba da haƙuri. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa a tsakar gidan ya ji ta.

Ta ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yaya ta ce in kun bar yarinyar nan ta shiga, in tafi da maganar kabarina. In kun hana ta, in faɗa. To ku ji. Wadda ke kwance a ɗakin nan, tun da uwarmu ta haife ta har ta koma ga Allah ba ta taɓa ganin jini ba, ko ɗigo. Sau biyu aka danne ta wanzami ya yanka ta, ina ƙarama ina riƙe da fitila, babu abin da ya fito sai yoyon fitsarin da ta shekara bakwai tana fama da shi. Ƙullutun da ke jikin Auta, akwai shi a jikinta, duka gefe biyu, ku shiga ku taɓa. Abin da ke jikin 'yata shi ne a jikin yayata."

Sai ta juya ta kalli Gwaggo ido cikin ido. "Ke, 'ya'yanki bakwai wa ya yanke musu cibiya? Wa ya yi miki wankan jego? A gaban wa kika durƙusa tsirara kina kiran sunan Allah?" Ta bi sauran da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Akwai wadda ba ta kwanta a gabanta ba a cikinku? In Auta ba mace ba ce, to Yaya ma ba mace ba ce. Ku fita ku kira maza su zo su wanke ta, sannan kowacce ta koma gida ta gaya wa mijinta a hannun wa ta haihu."

Babu wadda ta motsa. Wata tsohuwa a gefe ta fara kuka tana cewa Allah ya jiƙan Iya, Allah ya yafe mana. Hannun Gwaggo ya sauko daga jikin ƙofa da kansa, ta matsa gefe tana gyara mayafin da bai zame ba. Inna ta sunkuya ta ɗauki ƙwaryar ta miƙa wa Auta ta ce, "Shiga ki wanke uwarki."

Ni na riƙa zuba mata ruwa. Ta wanke Iya a natse, dama kafin hagu, ba ta yi kuka ba sai da ta zo kan gashi. Ta tsefe shi, ta taje, ta kama shi gida uku da irin kamun da Iya ta koya mata, a nan hawaye suka zubo. Muka sa ta a likkafani, maza suka shigo suka ɗauka.

Kada mai karatu ya ɗauka an zo an ba mu haƙuri. Ko mutum ɗaya bai zo ba. Mutanenmu sun fi son su haɗiye garwashi da su ce sun yi kuskure. Abin da ya faru kawai shi ne, bayan sadakar bakwai wata ta leƙo da tsefaffen kai ta ce ko Auta tana da sarari, bayanta wata ta biyo, a hankali gindin darbejiya ya sake cika kamar ba a yi komai ba. Mai kemis yana nan a bakin kasuwa, har yau Dakta ake ce masa, ni dai ko maganin ciwon kai na gwammace in hau babur in je Makoda in saya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsadar da abin ya yi mana. Sai da aka tone asirin da baiwar Allah ta shekara sittin tana rufewa, gawarta tana kwance ba a ko suturta ta ba, kafin a yarda yarinya mai rai ta zauna a cikin 'yan'uwanta. Ana cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma a ranar mata ne suka tsare ƙofar.

Auta tana nan lafiya. An yi mata aikin daga baya da yardarta, tana shan maganin da aka ɗora ta a kai, ta auri wani manomi a Zakirai da ya san komai tun kafin ya kawo kayan gaisuwa, tana riƙon marayun yayansa biyu. Duk da haka in mace ta rasu a ƙauyenmu ita ake aika wa, don an ce babu mai hannun wanka irin nata. Bara waccan Gwaggo ta rasu bayan doguwar jinya da ta ci jikinta, kuma Auta ce ta wanke ta. Da ta fito na matsa kusa da ita, da sauran haushina na shekaru, na ce yaya ta ga jikin matar da ta tsare mata ƙofa. Ta dube ni ta ce, "Yaya, mai wanka ba ya faɗin abin da ya gani."

Na ji kunya, don ni ce na ɗauki abin da aka gani a jikinta na kai bakin kasuwa. Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma ba mai shi yake shaƙewa ba, wani yake shaƙewa. Abin da Allah ya rubuta a jikin mutum, ko ɗigo ɗaya ne ya sauya, amana ce a wuyan duk wanda ya gani. Tun daga ranar, in asirin jikin wani ya faɗo hannuna, riƙon mai wanka nake yi masa, in rufe shi in yi shiru.